John Boyd Dunlop: Likitan dabbobin da ya hura wa tayar keke iska

Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin fadamar Haɗejiya da sassafe ya san matsayin keke a wajen mutanen yankin. Manomi ya ɗaura buhun shinkafa a baya, masunci ya ɗora kwandon kifi, ɗan makaranta ya goya ƙanensa, kowa na ratsa rairayi da taɓo da ƙaya daga ƙauyukan Guri da Kirikasamma zuwa kasuwa. Idan taya ta sace, mai faci na gindin bishiya da famfonsa. Wannan taya mai shan iska ta yaɗu a duniya ne ta hannun wani likitan dabbobi, John Boyd Dunlop, wanda ya rasu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Sunansa ya zagaye duniya, amma dukiyar da tayar ta tara wasu ne suka kwashe, wahalar samo robarta kuwa ta faɗa a kan 'yan Afirka.

An haifi Dunlop ranar 5 ga Fabrairu, 1840, a gidan manoma a ƙauyen Dreghorn da ke Sikotlan. Ya karanci likitancin dabbobi a birnin Edinburgh, sannan a 1867 ya ƙaura zuwa tsibirin Ailan, inda daga bisani ya zauna a Belfast, aikinsa ya bunƙasa. A wancan zamani tayar keke curarriyar roba ce, babu iska a cikinta, titunan birane kuma duwatsu aka jera. Mahayi kan sauka jikinsa duk ya yi tsami saboda jijjiga.

A 1887 Dunlop ya ga irin wahalar da ɗansa ƙarami ke sha a kan kekensa mai ƙafa uku. Sai ya samo faifan katako, ya naɗe fallen roba ya mayar da shi bututu, ya hura masa iska, ya lulluɓe shi da ƙyalle mai ƙarfi, ya kafe shi a bakin faifan. Ya gangara shi a tsakar gida tare da tsohuwar ƙafar keken. Tsohuwar ta tsaya ta faɗi, sabuwar kuwa ta ci gaba da gudu har ta bugi ƙofa ta dawo. Sirrin shi ne iskar da ke ciki tana lotsawa ta haɗiye tsakuwa da gargada, don haka ƙarfin mahayi ba ya salwanta a tsalle-tsalle. A Disambar 1888 hukuma ta ba shi takardar mallakar wannan fasaha.

Da farko mutane dariya suka riƙa yi wa ƙatuwar tayar. A Mayun 1889 wani ɗan tseren keke, Willie Hume, ya shiga gasa da ita a Belfast ya lashe dukkan tsere huɗu da aka yi, dariya ta ƙare. Wani attajiri mai suna Harvey du Cros ya hango riba, ya jawo Dunlop suka kafa kamfani a Dublin a wannan shekarar. Ba a jima ba, a 1890, aka sanar da Dunlop cewa takardarsa ba ta da ƙarfi, domin wani ɗan ƙasarsu, Robert William Thomson, ya riga shi yin rajistar taya mai iska tun 1845 don keken doki, sai dai tsadar roba ta sa aka manta da ita. Kamfanin ya tsira ta hanyar sayen fasahohin wasu, musamman dabarar saka waya a bakin taya don a iya cire ta a yi faci. Dunlop, wanda kasuwanci bai taɓa zama jininsa ba, ya janye daga kamfanin a tsakiyar shekarun 1890. A 1896 aka sayar da kamfanin a kan fam miliyan 3, abin da ya shigo hannunsa kuwa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta.

A daidai wannan lokaci Turai da Amurka suka rufta a kan keke, daga baya mota ta biyo, buƙatar roba ta yi tashin gwauron zabo. Gonakin roba na Asiya ba su kai ga bayar da amfani ba tukuna, saboda haka aka koma ga dazuzzukan Birazil da Afirka. A Kwango, wadda Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya riƙe a matsayin mallakarsa ta kansa daga 1885 zuwa 1908, an yanka wa kowane ƙauye adadin danƙon da zai kawo. Inda aka gaza, sojoji kan tsare mata a matsayin garkuwa, su ƙone gidaje, su datse hannuwa. Miliyoyin mutane suka halaka ta hanyar kisa da yunwa da cuta, har rahoton Roger Casement na 1904 ya tona asirin ta'asar. A kudancin Nijeriya ma an yi rububin tatsar roba a dazuzzukan bayan Legas, aka kassara bishiyoyin cikin 'yan shekaru. Ba Dunlop ne ya tura soja Kwango ba, amma tarihin tayarsa bai cika ba sai an ambaci waɗanda suka zubar da jini a kan robarta.

Ya rasu a Dublin ranar 23 ga Oktoba, 1921, yana da shekara 81. Bayan rabin ƙarni, a shekarun 1970, wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya suka ɗauko tsofaffin kekuna masu faɗin taya suka fara tseren gangarowa daga kan tsaunuka. Daga nan wasan keken dutse ya samo asali, aka yi gasar duniya ta farko a 1990, wani reshensa ya shiga gasar Olamfik a 1996. Gangar jikin keken ta sauya daga ƙarfe zuwa alminiyom da zaren kabon mara nauyi, amma abin da ke riƙe ɗan tsere a kan dutse har yau roba ce da iska, kamar yadda suke riƙe manomin Auyo a kan gargadar fadama.

Nijeriya na noman roba a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba, kuma ta taɓa ƙera taya da kanta. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, dukansu suna kukan tsadar wutar lantarki da kwararowar tayoyin waje. Danƙon na fita ɗanye, ya dawo a matsayin taya da tsada. Shi ya sa mai faci a Haɗejiya ke liƙa faci a kan faci, domin mai keken ya fi ƙarfin kuɗin gyara, bai kai ga kuɗin sabuwa ba.