Helena Rubinstein da Tsinken Shafa Maskara: Taƙaitaccen Tarihi

Gabatarwa

Sau da yawa idan ana maganar kayan kwalliya, hankalin mutane yakan tafi ne ga abin da ake shafawa, watau mai ko hoda ko jan-baki, ba a cika waiwayar abin da ake shafawar da shi ba. Alhali kuwa duk macen da ta taɓa zizara kwalli ta san cewa komai kyan kwallin da ke cikin tandu, in tsinken ya yi kaushi ko ya cika kauri, to, ido ne zai sha wuya. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce kawo taƙaitaccen tarihin wata Bayahudiya mai suna Helena Rubinstein, wadda kamfaninta ya sauya yadda mata suke shafa maskara, watau baƙin shafin nan da ake sa wa gashin ido domin ya ƙara duhu da kauri. Za mu duba asalinta, da kasuwancinta, da kuma ɗan siririn ƙarfen da ya kawo wannan sauyi.

Haihuwarta da Tasowarta

An haife ta ran 25 ga watan Disamba, 1872, a Kazimierz, unguwar Yahudawa ta birnin Krakow, wanda yanzu yake cikin ƙasar Folan, amma a wancan zamani yana ƙarƙashin daular Ostiriya. Sunan da iyayenta suka raɗa mata shi ne Chaja. Ita ce babba daga cikin 'ya'ya mata takwas, ubansu kuwa ƙaramin mai kanti ne. Da ta isa aure sai ta ƙi mijin da aka zaɓa mata, abin da ya sa zama a gida ya gagara. A 1896 ta shiga jirgin ruwa zuwa Ostareliya, ta sauka wurin kawunta a wani ƙaramin gari mai suna Coleraine, cikin jihar Victoria, ba ta da kuɗin kirki, ba ta kuma jin Ingilishi.

Coleraine ƙasar kiwon tumaki ce, rana da iska kuwa sun busar da fatar matan wurin. Daga gashin tumaki ake fitar da wani maiƙo da ake kira lanolin, mai tausasa fata. Helena ta lura da abu biyun nan, ta haɗa su. A farkon shekarun 1900 ta buɗe shago a birnin Melbon tana sayar da wani man shafawa da ta sa wa suna Valaze. Ta riƙa gaya wa masu saye cewa daga Turai ake kawo shi, kuma da ganyayen duwatsun Karfatiya aka haɗa shi. Masu binciken tarihinta sun nuna cewa a nan Ostareliya take haɗa shi, kuma lanolin ne ginshiƙinsa. Wannan hali na ƙara wa haja gishiri bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta.

Bunƙasar Kasuwancinta

A 1908 ta buɗe shago a Landan, a shekarar ce kuma ta auri wani ɗan jarida Ba'amurke mai suna Edward Titus, suka haifi 'ya'ya maza biyu, Roy da Horace. Daga nan ta koma Faris. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke sai ta ƙaura zuwa Amurka, ta buɗe shago a birnin Niyok a 1915. A can ne ta fara takara da babbar abokiyar hamayyarta, Elizabeth Arden, suka shafe kusan shekara hamsin suna gasa.

A 1928 ta sayar da reshen kamfaninta na Amurka ga bankin Lehman Brothers a kan dala miliyan 7.3. Shekara guda bayan haka kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe, darajar kamfanin ta faɗi warwas. Sai ta sake saye shi da kuɗin da bai kai rubu'in abin da aka ba ta ba. Wannan ciniki ya sa ta shiga sahun matan da suka fi arziki a zamaninta.

Yadda Ake Shafa Maskara Kafin Sauyin

Domin a fahimci girman abin da kamfaninta ya yi, ya kamata a san halin da ake ciki tun farko. A ƙarni na 19 wani Bafaranshe mai haɗa turare a Landan, Eugène Rimmel, ya shahara da baƙin shafi, har sunansa ya zama kalmar maskara a harsuna irin su Faransanci da Turkanci da Farisanci. A 1917 kuma T. L. Williams na birnin Shikago ya fito da Maybelline. Maskarar wannan zamani ƙullun sabulu ce da baƙin launi, a daskare cikin ɗan akwati, tare da ɗan buroshi mai kama da na goge haƙori. Mace takan jiƙa buroshin, ta goga a kan ƙullun, sa'an nan ta kai ga ido. In babu ruwa a kusa, da yawa sukan yi amfani da yawu.

Wannan hanya tana da illa uku. Ta farko ƙazanta, domin yawu da buroshin da ke buɗe suna kai ƙwayoyin cuta ga ido. Ta biyu rashin ma'auni, domin yau a ɗebo da yawa, gobe kaɗan, gashin ido ya cuɗe ya manne. Ta uku kuwa, da zarar hawaye ko gumi ya taɓa shi sai ya zubo a kumatu. Ido kuma ba wurin wasa ba ne. A 1933 wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da mata a Amurka, kuma yana cikin dalilan da suka sa aka kafa dokar abinci da magunguna da kayan kwalliya ta 1938.

Tsinken Mascara-Matic

Helena ta fara da matsalar zubowa. A 1939 ta fito da maskarar da ruwa ba ya wankewa, aka tallata ta da 'yan matan da ke wasan ninkaya a babban bajekolin duniya na Niyok. Amma maganin ƙazanta da rashin ma'auni bai samu ba sai a ƙarshen shekarun 1950, sa'ad da ta haura shekara tamanin, lokacin da kamfaninta ya fito da Mascara-Matic.

Siffarsa kamar alƙalamin aljihu take. Maskarar tana cikin siririn kwaroro, da ɗan ruwa-ruwa, ba ta bukatar a jiƙa ta. A jikin murfin an maƙala wani tsinken ƙarfe mai zara-zaran tsaga a kewaye, kamar zaren ƙusa mai murɗi. In an zaro tsinken, ƙunƙuntar bakin kwaroron takan share abin da ya yi yawa, sai abin da ya maƙale cikin tsagogin ne kaɗai zai fito. Tsagogin kuma su ne ke raba gashin ido sa'ad da ake shafawa. In an gama sai a mayar a rufe. Ke nan abu ɗaya ya zama mazubi, da ma'auni, da mataji.

Ba Helena ce ta ƙera wannan tsinke da hannunta ba, aikin masu ƙira ne. Abin da ya zama nata shi ne gane cewa matsalar ba ta cikin launin, tana cikin abin shafawar, da kuma ƙarfin halin zuba dukiya a kai. Nan da nan Revlon da Maybelline da sauransu suka bi sahu. Ba da daɗewa ba aka maye gurbin ƙarfen mai tsaga da buroshin waya: akan lanƙwasa siririyar waya biyu, a jera gashin nailon a tsakani, a murɗe, sai gashin ya baje a kewaye. Daga baya aka zo da na roba da ake zubawa a ƙwarya. Har wa yau tambayoyin da masu ƙira suke fama da su ba su wuce waɗanda tsinken farko ya taso da su ba: faɗin bakin kwaroro, da tazarar da ke tsakanin gashin buroshi, da tsinin kansa domin ya kai lungun ido.

Ƙarshen Rayuwarta

Dukiya ba ta kare ta daga baƙin ciki ba. Aurenta na fari ya mutu, ta auri Artchil Gourielli a 1938, shi ma ya riga ta rasuwa a 1955. 'Yan Nazi sun kashe ƙanwarta Regina a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ɗanta Horace kuma ya rasu a 1958. A 1941 aka hana ta hayar gida a titin Park Avenue na Niyok saboda ita Bayahudiya ce, sai ta sayi ginin gaba ɗaya. A 1953 ta kafa gidauniya don taimaka wa ilmi da lafiya. A 1964 'yan fashi suka shiga ɗakin kwananta, ta ƙi ba su mabuɗin ma'ajiyar gwala-gwalanta. Ta rasu a Niyok ran 1 ga Afrilu, 1965, tana da shekara 92. Colgate-Palmolive ya sayi kamfanin a 1973, daga baya ya koma hannun L'Oréal.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa Helena Rubinstein mace ce mai fuska biyu. Ta sayar da man tumaki da sunan ganyen Turai, takan kuma sa farar rigar likitoci a hotunan talla alhali ba ta yi karatun likita ba. Wannan abin zargi ne, bai kamata a ɓoye shi ba. Amma a kan maskara ba da daɗin baki ta ci kasuwa ba, matsala ce ta gaske ta gani a hannun mata, ta sa aka warware ta. Labarin ganyen Karfatiya ya zama abin ba'a ga masu tarihi, tsinke a jikin murfi kuwa shi ne hanyar da ake bi har gobe. Ashe gaskiya ce ke daɗewa, ko da a kasuwar kwalliya.