R.D. Burman: Makaɗin da ya canza sautin fina-finan Indiya

Duk wanda ya taso yana kallon fina-finan Indiya, daga Kano har zangon Lome, ya sha jin kiɗan Rahul Dev Burman ko da bai san sunansa ba. An haife shi a Kalkata ranar 27 ga Yuni, 1939. Mahaifinsa, S.D. Burman, babban mai tsara kiɗan fim ne, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya koyi kiɗan gargajiya na sarod wajen Ali Akbar Khan, sannan ya zama mataimakin mahaifinsa.

Fim na farko da ya fito da kiɗansa shi kaɗai shi ne Chhote Nawab a 1961, amma Teesri Manzil na 1966 ne ya ɗaga shi. Nan ya shigo da jita mai lantarki da gangunan rok na Turawa, ya gauraya su da karin Indiya, matasa suka yi caa a kansa. Pancham, kamar yadda ake kiransa, ba ya raina komai: kwalba, kofin gilashi, takardar goge katako, duk ya fitar da sauti da su. A Sholay na 1975 ma da muryarsa ya rera waƙar rawar nan da aka yi a gaban 'yan fashi. A 1980 ya auri mawaƙiya Asha Bhosle, sun kuma sha hawa dandali tare.

To amma fa duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A ƙarshen shekarun 1980 fina-finansa suka yi ta faɗuwa a kasuwa, furodusoshi suka koma wajen wasu. Ciwon zuciya ya kama shi a 1988, aka yi masa tiyata a Landan.

Vidhu Vinod Chopra ne ya sake ba shi amana a fim ɗin 1942: A Love Story. Ya tsara waƙoƙin, sai ya mutu ranar 4 ga Janairu, 1994, kafin fim ɗin ya fito. Waƙoƙin suka karɓu ƙwarai, aka ba shi kyautar Filmfare bayan ransa. Ya bar kiɗa a fina-finai sama da 300, kuma tun 1995 Filmfare ke ba sababbin makaɗa kyauta da sunansa.