Ivan Pavlov: Masanin da ya koyi sirrin narkewar abinci daga cikin kare

Duk inda aka ambaci Ivan Pavlov, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne karen da miyau ke dalalo masa da zarar ya ji ƙararrawa. Sai dai ba wannan ne ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a shekarar 1904 ba. An karrama shi ne saboda shekarun da ya kwashe yana bibiyar abin da ke faruwa a cikin kare bayan ya ci burodi ko nama ko madara, da dalilin da ya sa wani abinci ke karɓar dabba, wani kuma ya kwantar da ita.

An haifi Ivan Petrovich Pavlov ranar 26 ga Satumban 1849 a garin Ryazan da ke kudu maso gabashin Mosko, a ƙasar Rasha. Mahaifinsa limamin coci ne, shi ne kuma ɗan fari a gidan. Yana ƙarami ya faɗo daga kan katanga ya ji mummunan rauni, wanda ya hana shi shiga makaranta sai da ya kai shekara 11. Kowa ya zaci zai gaji mahaifinsa, har ya shiga makarantar horar da limamai. A can ne ya ci karo da rubuce-rubucen Ivan Sechenov a kan yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa jiki, sai hankalinsa ya koma ga kimiyya. A 1870 ya bar karatun limanci ya nufi jami'ar birnin Saint Petersburg.

A jami'a ya ƙware a tiyata a hannun malaminsa Ilya Tsion, kuma a 1875 ya samu lambar zinare saboda bincikensa a kan jijiyoyin fankiriyas, wato gaɓar da ke kwance bayan tumbi tana zuba ruwan narkar da abinci cikin hanji. Ya kammala karatun likita a 1879, ya auri Serafima Karchevskaya a 1881. Farkon zaman nasu talauci ne tsagwaronsa, har akwai lokacin da ba su da kuɗin haya, shi yana kwana a ɗakin bincike, ita tana wajen dangi. Ɗansu na fari ya rasu yana jariri. Daga 1884 zuwa 1886 ya je Jamus ƙaro ilimi a wajen Carl Ludwig da Rudolf Heidenhain, sannan a 1891 aka damƙa masa sashen nazarin aikin gaɓoɓin jiki a Cibiyar Gwaje-gwajen Likitanci ta Saint Petersburg, inda ya yi shekara 45 yana shugabanci.

A wancan zamani, yawancin masu bincike kan sa wa dabba maganin barci, su farke cikinta, su duba, ta mutu a ranar. Pavlov ya ga cewa tumbin dabbar da ke bakin mutuwa ba zai taɓa nuna yadda tumbin mai lafiya ke aiki ba. Don haka ya tsara ɗakin tiyatar karnuka mai tsabta irin ta asibitin mutane. A yi wa kare aiki, a yi jinyarsa har ya warke, sannan a riƙa lura da shi wata da watanni, wani lokaci shekaru.

A 1889, tare da abokiyar aikinsa Ekaterina Shumova-Simanovskaya, ya yi gwajin da ya fara fito da sunansa. Sun yanke bututun da ke kai abinci tumbi, suka fito da bakinsa ta wuyan kare, sannan suka sa wani ɗan bututu a tumbin. Kare yana cin nama da marmari, naman yana faɗowa cikin kwano ta wuya, ko ƙwaya ba ta isa ciki ba. Duk da haka, bayan kimanin minti biyar sai ruwan tumbi ya fara kwarara. Da aka datse jijiyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa tumbi, sai kwararar ta tsaya. Wannan ya tabbatar da cewa narkewar abinci tana farawa tun daga gani da ƙamshi da ɗanɗano. Ya kuma lura cewa abincin da aka zura wa kare a tumbi ba da saninsa ba yakan daɗe bai narke ba. Sha'awar abinci, a wajensa, ita ce maganin farko na ciki.

A 1894 ya ƙara gaba. Ya ware wani ɗan ɓangare na tumbi ya ɗinke shi kamar aljihu, ba tare da ya lalata jijiyoyinsa ba. Abinci na shiga babban tumbin, ƙaramin kuma yana zubo da ruwa tsantsa wanda za a auna. Karnuka da dama sun mutu kafin aikin ya yi nasara a kan wani kare mai suna Druzhok. Ta wannan aljihu aka gano cewa kowane abinci da irin ruwan da ciki ke tanadar masa. Nama yana jawo ruwa mai tsananin tsami, burodi yana jawo wanda ya fi ƙarfin narkarwa, maiƙo kuwa yana rage kwararar ruwan, shi ya sa abinci mai yawan kitse ke daɗewa a ciki.

Rashin lafiyar karnukan ma darasi ta zame masa. Waɗanda aka fitar musu da ruwan fankiriyas waje sukan rame, su ƙi abinci, wasu su mutu. Ya gano cewa jikinsu na asarar sinadarin da ke kashe tsami, sai ya mayar da su kan burodi da madara, ya riƙa haɗa musu da garin soda, dangin kanwa, suka rayu. Ruwan da ke zubowa yakan kuma cinye musu fatar ciki. Wata safiya aka tarar wani kare ya kankare shafen bango ya kwanta a kan garin, fatarsa ta bushe ta yi sauƙi. Daga nan aka riƙa shimfiɗa musu yashi. A wani binciken da aka wallafa a 1893, shi da Marceli Nencki da abokan aikinsu sun karkatar da jinin hanji ya wuce ba tare da ya bi ta hanta ba. Da zarar irin waɗannan karnuka suka ci nama sai su ruɗe, su yi ta tangaɗi, wasu su suma. Haka aka fahimci cewa hanta ce ke tace gubar da narkewar nama ke haifarwa. Har yau likitocin dabbobi na haɗuwa da karnukan da aka haifa da irin wannan lahani, kuma daidaita abincinsu na cikin hanyoyin kula da su.

Ya tattara sakamakon a littafinsa na 1897 kan aikin manyan gaɓoɓin narkar da abinci. Ɗakin bincikensa har sayar da tataccen ruwan tumbin karnuka yake yi a matsayin maganin rashin narkewar abinci, kuɗin na tafiya ga bincike. A 1902 wasu masana biyu na Ingila, William Bayliss da Ernest Starling, suka nuna cewa ba jijiya kaɗai ke umartar fankiriyas ba, akwai wani sinadari da hanji ke sakawa cikin jini. Pavlov ya sa aka maimaita gwajin a ɗakinsa, da ya ga gaskiyarsu ya amince. Bayan shekara biyu ya zama ɗan Rasha na farko da ya karɓi lambar Nobel.

A lokacin hankalinsa ya riga ya karkata. Ya lura karnuka na zubar da miyau tun da jin takun mai kawo musu abinci, sai ya sadaukar da sauran rayuwarsa ga nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke ɗaure wata alama da abinci. Ya fi amfani da haske da wata na'ura mai bugawa kamar agogo fiye da ƙararrawar da aka san shi da ita.

Juyin juya halin 1917 ya jefa shi cikin ƙunci. Kuɗin Nobel da ya ajiye a banki sun salwanta, yunwa ta kashe karnukansa da yawa, ɗansa Viktor ya rasu a 1919. A 1921 Lenin ya sa hannu a kan dokar da ta umarci a wadata shi da kayan aiki. Wannan gata bai rufe masa baki ba. A 1924 ya ajiye muƙaminsa na farfesa a makarantar likitocin soja saboda korar 'ya'yan limamai daga karatu, kuma a 1934 ya rubuta wa Molotov wasiƙa yana sukar kama-karyar gwamnatin Stalin.

A 1935 aka kafa mutum-mutumin kare a harabar cibiyarsa bisa buƙatarsa, don tunawa da dabbobin da iliminsa ya ginu a kan wahalarsu. Masu kare haƙƙin dabbobi sun soki gwaje-gwajensa tun yana raye, kuma da yawa daga cikinsu dokokin bincike na yau za su tsaurara a kansu. Ya rasu ranar 27 ga Fabrairun 1936 a birnin da ya yi aiki, wanda a lokacin ake kira Leningrad, sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 86. Mutum-mutumin na nan har yau, kuma a jikin ginshiƙinsa an zana karen nan da ya kankare bango ya nuna wa likitoci maganin ciwonsa.