George Percy Bargery, Baturen da ya kasa kunne ga karin sautin Hausa

Duk ma'aikacin da ya taɓa rubuta takarda da Hausa ya san haɗarin kalmar nan "baki". In aka yar da ƙugiyar harafi, mai karatu ba zai san ko bakin magana ake nufi ba, ko baƙin launi, ko kuwa baƙin da suka iso ofis. Ko an sa ƙugiyar ma, baƙin launi da baƙin gida rubutunsu ɗaya ne, sai tsawon wasali da karin sauti ke raba su a kunne. Mutumin da ya fara bin wannan lamari kalma bayan kalma, har ya tara shi cikin littafi guda, shi ne George Percy Bargery.

An haife shi a garin Exeter na ƙasar Ingila a shekarar 1876. Ya zo Nijeriya a 1900 a matsayin ɗan mishan na ƙungiyar CMS, ya yi kimanin shekara goma a Arewa kafin rashin lafiya ta mayar da shi gida. Da ya samu sauƙi sai ya dawo, amma a ƙarƙashin sashen ilimi na gwamnatin mulkin mallaka, ya kuma yi aikin makaranta a ƙasar Tibi. A 1921, zamanin Gwamna Hugh Clifford, aka ɗora masa aikin da ya ci mafi kyawun shekarunsa: haɗa ƙamus na Hausa.

Ba shi ne farkon mai ƙamus ba. Schön da Robinson sun riga shi. Sai dai magabatansa sun rubuta Hausa kamar yadda kunnen Bature ke jin ta, shi kuwa ya nace sai ya ji abin da Bahaushe ke ji. Ya gane cewa hawa da saukar murya ba ado ba ne, ma'ana ce. Wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha, baƙaƙensu da wasulansu ɗaya, kari kaɗai ya bambanta su. Garin da ake zaune a ciki da garin tuwo kuma tsawon wasali ne ya raba su. Bargery ya yi wa kalmominsa alamar kari da ta tsawo, ya kuma nuna wadda ta Sakkwato ce, wadda ta Katsina ce, da wadda ta Kano ce, domin ya zaga ƙasar Hausa yana tambaya.

A 1934 maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da ƙamusun, mai shafi fiye da 1,200 da kalmomi wajen 39,000, tare da bayanin share fage daga masanin nan Bajamushe Diedrich Westermann. Sunan mutum ɗaya ne a bango, amma aikin ba na mutum ɗaya ba ne. R. C. Abraham ya taya shi na ɗan lokaci kafin ya fitar da nasa ƙamusun a 1949. Akwai kuma malamai Hausawa, musamman Malam Mahmudu Koki na Kano, waɗanda daga bakinsu aka ji furucin da aka rubuta. A ganina tarihi bai biya waɗannan malamai haƙƙinsu yadda ya kamata ba.

Abin takaici, yawancin abin da ya gano bai shiga rubutun yau da kullum ba. Boko ya karɓi ɓ da ɗ da ƙ a shekarun 1930, amma ya bar kari da tsawon wasali a hannun mai karatu. Wasu al'ummu sun zaɓi wata hanya. Mutanen Albaniya, da suka taru a birnin Manastir cikin Nuwamban 1908 don daidaita rubutunsu, sun ɗauki haruffan Latin, abajadinsu na yau kuma haruffa 36 ne. Suna da "r" iri biyu kamar Hausa, sai suka ba kowanne rubutunsa, r da rr. Mu kuwa ra-gare da ra-kaɗe harafi ɗaya suke rabawa. A garuruwa irin su Jos, inda Hausa ta zama harshen kasuwa ga ƙabilu da dama, wanda ya koye ta daga takarda ba shi da abin da zai nuna masa bambancin, har ma ƙugiyar kan ɓace daga bakin wasu.

Bayan fitowar ƙamusun, Bargery ya koyar da Hausa a makarantar SOAS ta Landan har zuwa 1947, Jami'ar Landan kuma ta ba shi digirin dakta saboda aikin. Yana da shekara saba'in da 'yan kai ya sake komawa Kano a 1953, ya shugabanci gyaran fassarar Sabon Alkawari zuwa Hausa, ya zauna har 1957. Manufarsa ta mishan ba ta taɓa barinsa ba, duk da haka malaman jami'a Musulmi ne suka fi kowa cin moriyar littafinsa. Ya rasu a Ingila a watan Agustan 1966. A 1993 maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta sake buga ƙamusun, da ƙarin kalmomi daga Neil Skinner.