Ibnul Haisam: Malamin da ya bi sawun gani daga ido zuwa ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa hango ɗan'uwansa daga nesa a cunkoson kasuwar Darki, ya gane shi tun kafin fuskarsa ta fito sosai, ya aikata abin da wani malami ya shafe shekaru yana nazari a kai, kimanin shekara 1,000 da suka wuce. Sunansa Abu Ali al-Hasan Ibnul Haisam, Turawa kuma na kiransa Alhazen.

An haife shi a Basra da ke Iraƙi wajen shekarar 965 Miladiyya, ya kuma shahara a lissafi da ilimin taurari. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa ya yi iƙirarin zai iya daidaita ambaliyar Kogin Nilu, sai Halifa al-Hakim na daular Faɗimiyya ya gayyato shi Masar. Da ya isa kusa da Aswan ya ga girman kogin, sai ya gane aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamanin. Tsoron fushin halifan ya sa ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har zuwa 1021, shekarar da mulkin al-Hakim ya ƙare.

A tsakanin 1011 da 1021 ne ya rubuta shahararren littafinsa, Kitabul Manazir, mai juzu'i bakwai.

Kafin shi, manyan masana irin su Euclid da Ptolemy sun tafi a kan cewa ido ne ke fitar da haske ya taɓa abin da ake kallo. Ibnul Haisam ya ƙi yarda. Hujjarsa ita ce kallon rana na sa ido ciwo, ke nan wani abu ne ke shigowa daga waje. Ya kuma jera fitilu a wajen ɗaki mai duhu, haskensu na shiga ta ƙaramar ɓula. Kowace fitila ta yi ɗigon haskenta a bango, idan aka rufe ɗaya sai ɗigonta kaɗai ya ɓace. Da haka ya nuna haske na tafiya a miƙe, kamar yadda ake ganinsa idan rana ta ratso ɓular kwanon ɗaki.

Bai tsaya a nan ba. Ya bayyana cewa abin da ido ya karɓa yana bin jijiyoyin gani guda biyu, su haɗu, sannan saƙon ya isa ƙwaƙwalwa. A wurinsa, haske da launi ne kawai ido ke ɗauka. Sanin nisa da girma da gane fuska aikin hankali ne, wanda ke gwada abin da aka gani da abin da aka sani a baya, cikin saurin da mutum ba ya ko lura.

Ya yi kuskure a wasu wurare. Ya ɗauka gilashin cikin ido ne ke karɓar hoto, sai a 1604 Bajamushe Johannes Kepler ya nuna tantanin bayan ido ne. A yau an san kowace jijiyar gani na ɗauke da zare sama da miliyan ɗaya, kuma saƙon na ƙarewa ne a ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke ƙeya.

An ce ya ƙarasa rayuwarsa kusa da masallacin Azhar a Alƙahira, yana kwafar littattafan lissafi da hannu don samun abin sakawa a bakin salati. Ya rasu wajen 1040. An fassara littafinsa zuwa Latin, aka buga shi a Basel a 1572.

Darasinsa ya shafi lafiyarmu kai tsaye. Ciwon hawan jinin ido, wato gulakoma, yana cinye jijiyar gani a hankali, galibi ba tare da zafi ba, ido kuma yana nan garau a zahiri. Abin da ya lalace ba ya dawowa, amma idan an gano ciwon da wuri ana iya tare shi. Shi ya sa likitoci ke shawartar wanda ya haura shekara 40, ko mai tarihin ciwon a danginsa, ya riƙa zuwa awon ido tun yana gani sarai.