WALT DISNEY DA GARIN DA KE ƁOYE AIKINSA

An haifi Walt Disney a birnin Cikago na ƙasar Amurka ran 5 ga Disamba, 1901. Da zane ya fara neman abinci, har ya shahara a 1928 saboda Mickey Mouse, watau ɓeran nan na majigi. Amma abin da mu ke so mu jawo hankalin masu karatu a kai shi ne filin wasan da ya buɗe a Anaheim, cikin jihar Kalifoniya, ran 17 ga Yuli, 1955, ya sa masa suna Disneyland.

Nufinsa shi ne duk wanda ya shiga ya manta da duniyar waje. Don haka ya sa aka tula ƙasa kewaye da filin kamar ganuwa, aka dasa itatuwa a kai. Duk da haka bai sami yadda ya ke so ba, gama masu masaukai da kantuna sun yi wa wurin zobe, ba shi kuwa da ikon hana su. Da ya ga haka, sai ya sa aka saya masa fili a ɓoye a jihar Fulorida, wajen eka 27,000, don kada maƙwabta su sāke takura shi.

Bai ga ginin ba, ciwon dajin huhu ya ɗauke shi ran 15 ga Disamba, 1966. Wansa Roy ne ya ƙarasa aikin, ya buɗe wurin a watan Oktoba, 1971.

Ruwa na kusa ƙwarai a ƙasar Fulorida, ba dama a haƙa rami mai zurfi. Saboda haka magina suka gina hanyoyin ma'aikata a bisa doron ƙasa, suka binne su da ƙasar da aka kwaso wajen haƙa wani tafki, sa'an nan suka ɗora garin wasan a kai. Ashe baƙo a bene ya ke tafiya bai sani ba. Ta ƙarƙashinsa ma'aikata da kayan abinci da wayoyin lantarki ke bi, shara kuma iska ke zuƙe ta cikin bututu. Abin da ya ƙi binnuwa, sai a shafa masa koren fenti maras haske, ido ya wuce shi.

Mu da ke aikin ofis da makaranta muna da abin lura a nan. Tsabtar da baƙo ke yabo a zaure, a bayan gida a ke yi mata gumi, kuma tun ranar auna fili a ke ba ta wurinta.