Wiliyam Halsted, likitan da abokinsa ya ƙi bari ya lalace

Duk wadda ta taɓa jinyar ɗanta a babban asibitin ƙasa na Yamai ta san matasan likitocin nan masu kwana tsaye. Sun gama karatu, amma suna ƙarƙashin manya suna koyon ƙwarewa, kamar yaron shago a hannun ubangidansa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan tsari shi ne Wiliyam Halsted, kuma shi kansa sai da aka tallafe shi.

An haife shi a birnin Niyok na Amurka a 1852. Tun yana matashi ya yi suna wajen fiɗa. A 1881 ya ɗebi jininsa ya ƙara wa ƴar'uwarsa da ta zubar da jini wajen haihuwa, ta rayu.

A 1884 aka gano cewa koken, wato hodar iblis, tana kashe zafin jiki. Halsted ya shiga gwada ta a jikinsa don amfanin marasa lafiya. Garin neman gira ya kusa rasa ido: hodar ta kama shi. Ya fara fashin aiki, kuma wata maƙala da ya buga a 1885 ta fito ba kai ba gindi.

Abokinsa likita Wiliyam Welch ya lura. Bai tona masa asiri ba, bai kuma kau da kai ba. A 1886 ya ɗauke shi doguwar tafiya cikin jirgin ruwa don ya raba shi da hodar. Abin bai yi ba, sai aka kwantar da shi asibitin Butler wata da watanni. Da ya fito, Welch ya kai shi Baltimo, ya ba shi aikin bincike a kusa da shi.

Da aka buɗe asibitin Johns Hopkins a 1889, sai aka ɗauke shi gwaji na shekara ɗaya, daga baya ya zama shugaban likitocin fiɗa. A nan ya tsara yadda ƙaramin likita zai zauna asibiti shekaru, ana ƙara masa nauyi sannu-sannu. Shi ne kuma ya sa aka yi safar hannu ta roba, saboda magani na cin hannun wata ma'aikaciyar jinya, wadda ya aura a 1890.

Bai warke sarai ba. Rubutun abokin aikinsa Wiliyam Osler, wanda sai a 1969 aka bayyana shi, ya nuna ya ci gaba da shan mofin. Ya rasu a 1922.

To, iyaye da manyan asibiti, likita ma ɗan Adam ne. In kun ga mai ƙwazo ya fara makara, ya rame, ya daina magana da mutane, ku jawo shi kusa ku tambaye shi, tun kafin gajiyarsa ta shafi marar lafiya.